Kada Ku Yi Saurin Goge Windows Daga Kwamfutar Gida

Daga Wakilinmu na Arewa, Gwagwalada

'Yan'uwana mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da yawanku kun sayi tsohuwar kwamfuta a kasuwar Ikeja kun aika wa yara gida don karatu. To, tun ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, kuma yawancin tsofaffin injinan nan ba su iya ɗaukar Windows 11. Shi ya sa ake ta ba mutane shawara su koma Linux, tsarin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ƙirƙiro a 1991, wanda kuma kyauta ake samunsa.

Ni na bi shawarar nan, na sa wa tamu irin da ake kira Ubuntu. Gaskiya inji ya ƙara sauri, har da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, akwai su a ciki. Amma sai da na sha wuya. Sauko da shi kaɗai ya cinye mini data mai yawa, ana tsakiyar aiki kuma aka ɗauke wuta.

Babbar matsalar ma ba ta injin ba ce, ta mutanen da ke kewaye da shi ce. Ƙanena yana karatu a Jami'ar Abuja. Ya rubuta aikinsa da LibreOffice, ya kai shagon buga takardu, aka buɗe da Word, sai ga shafuka sun hargitse, lambobi sun bar wurinsu. CorelDRAW kuwa, wanda masu shagunan nan ke yin katin biki da shi, sam ba ya aiki a kan Linux. Da sautin injin ya ɗauke, na zaga masu gyara uku a garin nan, kowannensu maganarsa ɗaya: a kawo ya mayar da Windows.

A ganina, wanda ke Kudu bai kamata ya umarci yaro ta waya ya goge komai ba. A sa Linux a filas a gwada shi mako guda, domin yana tashi daga nan ba tare da ya taɓa abin da ke cikin injin ba. A kwafe hotuna da takardu a ajiye gefe. Takardar da za a kai bugawa kuma a mayar da ita PDF tun daga gida. Da ƙanena ya yi haka, ba su sake samun saɓani da mai shago ba.