Murhun nukiliya da arzikin Arlit

Uwargida a Galma Kudawace ko a Buza ta san bambancin murhun duwatsu uku da murhun "Mai Sauƙi": tuwo ya nuna, itace ya yi saura. Mai sayar da itace shi ma ya sani, domin cinikinsa ne ke raguwa. Irin wannan lissafi ne injiniyoyin ƙetare ke yi bisa uraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971.

Cikin kilo 1000 na uraniyom, kilo 7 kacal ne irin da ke kamawa da sauƙi, wanda masana ke kira 235. Yawancin tashoshi sai an tace musu shi ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100 kafin a sa a tukunyar nukiliya, ruwa ya yi zafi, tururi ya juya injin lantarki. Tasha mai ƙarfin megawat 1000 tana cin kusan tan 200 a shekara.

Hanyoyi uku ake bi don rage wannan ci. Ta farko, kyautata tukunyar kanta: tsofaffin tashoshi kashi 33 na zafinsu ke zama lantarki, alhali samfurin EPR, wanda Faransa ta haɗa da layin wutarta a Flamanville cikin Disamba 2024, an tsara shi ya kai kusan 37. Ta biyu, sake amfani da wanda aka riga aka ƙona: ana ware shi a La Hague, a haɗa sabon makamashi mai suna MOX, wanda ke ba Faransa kimanin kashi 10 na wutarta ta nukiliya. Ta uku, tukunyar da ke iya cin ragowar nan mai yawa, wato 238, har amfanin kilo guda ya ninka wajen sau 60. Faransa ta yanke shawarar rufe tata, Superphénix, a 1997, amma ta Rasha, BN-800, tana aiki tun 2016.

To, ina ruwan manomin albasa da wannan? Dattawa ba su manta ba: da farashin uraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, baitulmali ya bushe, lakwal da likita suka ji a jikinsu. Cominak ta rufe a 2021. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta katse lantarki, ƙasar uraniyom ta kwana cikin duhu. Gwamnati ta karɓe Somaïr a 2025, amma mallakar rami daban, sanin yadda ake ƙona abin da ke cikinsa daban. Ribar tana wajen mai sani.

Tun ran gini ran zane. Ya kamata hukuma ta ware kuɗin karatu domin ɗaliban Madawa, Buza da Keita masu hazaƙar lissafi su kai Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, su ƙware a ilimin nukiliya. In ba haka ba, za mu tabbata masu sayar da itace, wasu na ƙera murhu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.