Bindiga a Hannun Ɗanmu, Linzami a Hannun Wa?

Ranar 31 ga Janairu, 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara a Gusau: samari fiye da 2,600 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomi 14 na jihar, aka horar da su, aka ɗinka musu kaki, aka ba su motoci da babura da makamai. An yi tafi, an yi guɗa. Ban ga laifin mai tafi ba, domin wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma akwai wata tambaya da amon tambura ya danne a ranar, wadda kuma ya wajaba a kanmu mu tono ta: idan askari ya zalunci manomin Bagega, ko makiyayin da ke shayar da shanunsa a Gulbin Ka, ko mai tallar nono a kasuwar Gummi, ƙofar wa wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa, kuma wa zai tilasta a buɗe masa?

Kafin wani ya ce na cika gajen haƙuri, mu dubi yadda aka riƙa jujjuya mu kamar waina a tanda. A 2018 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta ba da sanarwar ɗaukar matasa 8,500, wato 500 daga kowace masarauta, su taya jami'an tsaro aiki. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta rungumi sulhu da 'yan bindiga, ta ce 'yan sa-kai su ajiye makamai. A Yunin 2022 wannan gwamnatin dai ta juya ta ce kowa ya nemi lasisin mallakar bindiga ya kare kansa, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Sai ga askarawa a 2024. Manufa huɗu ke nan cikin shekara shida, wata na ƙaryata wata. A cikinsu duka, wace ce aka fara kai wa dandalin Anka, ko Nasarawar Burkullu, ko Daki Takwas, aka ce: jama'a, ga abin da muke nufin yi, me kuka gani? Talaka dai a rediyo yake jin hukuncin da aka yanke a kan ransa, kamar yadda yake jin farashin taki.

Wannan ɗabi'a kuwa tsohuwa ce, gadonta muka yi. A zamanin Turawan mulkin mallaka, har zuwa ƙarshen Jamhuriya ta Farko, Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma masu tsaronsu su ne dogarai da 'yan doka. Ba baƙi ba ne. 'Ya'yan ƙasa ne, sun san harshe, sun san hanya, sun san gidan kowa. Duk abin da masu kiran a ba mu 'yan sandan gida suke yabo a yau, ɗan doka yana da shi. To, me ya sa tsofaffin 'yan NEPU suke tuna shi da ɗaci? Saboda linzaminsa yana sama. Hakimi yake tsoro, da Sarki, da Razdan. Wanda yake kamawa kuwa ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya aiko a kama shi. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti, ya ba da shawarar a narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya, aka kuwa yi haka. Sai dai maganin ya zo da tasa cutar: aka ɗauke linzami daga fada aka kai Ikko, daga baya Abuja. An sauya mahayi sau biyu, amma ba a taɓa miƙa wa mai gona igiyar dokin da ke ratsa gonarsa ba.

Da 'yan sandan tarayya suka yi ƙaranci a karkara, ɓarayin shanu suka yi ƙarfi, sai jama'a suka kafa nasu: 'yan banga, sannan 'yan sa-kai. Ba zan zauna a inuwar jami'a in zagi mutumin da ya ɗauki bindigar toka ya kwana a bakin gari don 'ya'yansa su yi barci ba. Da yawansu sun mutu a kan haka. Ranar 5 ga Afrilu, 2014, a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, maƙwabciyar Anka, 'yan bindiga suka auka wa taron da 'yan banga da mutanen ƙauyuka suka kira don shawarar tsaro, suka kashe fiye da mutum 100. Amma gaskiya ɗaci gare ta. Masu binciken wannan rikici, cikinsu har da Dokta Murtala Ahmed Rufa'i a laccar da ya gabatar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, sun nuna cewa kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da kan hanya, ba alƙali ba shaida, yana daga cikin abubuwan da suka tura makiyaya da dama daji. Wanda aka yanka ubansa a bainar jama'a bisa zato, bai sami kotun da za ta saurare shi ba, ɗan bindiga ba ya shan wahalar jawo shi. Wannan ba uzuri ba ne ga mai ƙona ƙauye da satar matan mutane. Allah wadaran aikinsa. Lissafi ne kawai: kowane zalunci da mai tsaro ya yi aka rufe, sabon mayaƙi ne aka haifa wa daji kyauta.

Wanda yake ganin wannan cuta ta Zamfara ce kaɗai, ya leƙa Burkina Faso. A farkon Janairun 2019, a Yirgou, 'yan bangar Koglweogo suka rama kisan wani basarake a kan Fulanin yankin. Gwamnati ta ce mutum 49 suka mutu, ƙungiyoyin farar hula suka ce sun haura 200. A Janairun 2020 majalisar ƙasar ta halatta ɗaukar 'yan sa-kai da horon mako biyu. Wutar ba ta mutu ba, ƙara ci ta yi.

Yanzu mu dawo gida, ga abin da ya fi ci mini rai. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu, 2022, 'yan bindiga suka ratsa ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa suna ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mutanen yankin suka ce kusan 200 ne, Ma'aikatar Jinƙai ta Tarayya ma ta ambaci fiye da 200, da wasu fiye da 10,000 da suka rasa matsuguni. Mai karatu, dubi tazarar da ke tsakanin 58 da 200. Ba buhunan gero ake ƙirgawa ba, mutane ne masu suna, masu iyaye, waɗanda aka yi wa salla aka binne a gaban shaidu. Ƙasar da ba ta da littafin da take rubuta matattunta, yaya za ta san wanda aka kama jiya, da inda aka kai shi, da ko ya dawo? Da a ce kowace gunduma tana da kwamitin jama'a mai rajista a hannu, da wannan gardama ba ta kwana ba.

Za a ce ai an yi bincike. An yi. A 2019 kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Muhammad Dikko Abubakar, ya shugabanta ya miƙa rahoto cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, an bar zawarawa 4,983 da marayu 25,050, an kuma biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansa. Rahoton ya zargi sarakuna 5 da hakimai 33 da hannu a cikin lamarin. To, wa ya fassara shi da Hausa ya karanta wa zawarawan nan? Su ne suka ba da jinin da aka rubuta shi da shi.

Abin takaici, doka ma tana nan. Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga jiha har zuwa matakin caji ofis, a shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 13.3 don wannan shiri. Amma kowa ya san kamannin taron da ake kira na masu ruwa da tsaki: manyan riguna a sahun gaba, jawabin maraba, jawabin godiya, addu'a, hoto, a raba lemo a watse. Ana roƙon talaka ya kawo rahoto, ya kawo gudummawar mai, ya kawo ɗansa. Abu guda ne ba a yarda ya kawo ba, shi ne tambaya. Wannan ba shawara ba ce, karɓar haraji ne da lafazi mai daɗi.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce ƙauyukanmu cike suke da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, duk abin da aka faɗa a taro kafin magariba ya isa daji. Haka ne. Amma wa ya nemi a gaya masa daren da za a fita sintiri, ko hanyar da za a bi? Sirrin abin da za a yi gobe na kwamanda ne. Bayanin abin da aka riga aka yi jiya kuwa haƙƙin jama'a ne: wa aka kama, bisa wane zargi, shanu nawa aka ƙwato, wa aka mayar wa. Ɗan bindiga ba ya ƙaruwa da komai idan ya ji an mayar wa mai shanu shanunsa. Ɓarawon cikin gida ne kaɗai wannan bayani yake tsorata. Kuma mutum ba ya kai sirrin da zai iya jawo masa yanka ga hukumar da bai amince da ita ba. A Arewacin Ailan, bayan shekara kusan 30 ana zubar da jini, sai da aka kafa ofishin sauraron ƙorafi mai zaman kansa a 2000 da hukumar sa ido a 2001, sannan ɓangaren da ke ƙin 'yan sanda ya fara kusantarsu.

Saboda haka abin da nake kira a yi ba ya bukatar a jira gyaran Tsarin Mulki, ko ƙarshen muhawarar 'yan sandan jihohi. Majalisar Dokokin Zamfara ta yi doka cewa kowace gunduma ta sami kwamitin sa ido wanda jama'a za su zaɓa da kansu, ba shugaban ƙaramar hukuma ya cike shi da 'yan jam'iyyarsa ba. A sa manomi, a sa malamin makaranta, a sa liman, a sa mata, domin su ake sacewa, su ake bari da marayu. A sa arɗo, ko da ran wasu zai ɓaci. Kwamitin da babu Bafulatani a cikinsa ɓangare guda ne na faɗan ya yi wa kansa alƙalanci. A liƙa sunayen askarawa da 'yan bangar da aka amince da su a ofishin hakimi, kowa da lambarsa a ƙirji, don a bambance su da mai aron kaki. Duk wanda suka kama a rubuta shi nan take, a miƙa shi ga Baturen 'yan sanda. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Askarin kirki ma wannan kariya ce gare shi, domin kwamitin da zai tuhume shi idan ya yi ɓarna, shi ne zai tambayi inda alawus ɗinsa ya maƙale, da abin da aka ba iyalinsa idan ya faɗi a bakin daga.

Sarakuna fa? A girmama su, a nemi albarkarsu. Gummi ma tana da abin alfahari, domin Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya bar kujerar Babban Jojin Abuja ne a 2013 ya hau sarautar garin, kuma ba a koya wa irinsa darajar shaida. Amma kada a mai da kwamitin ɗakin fada. Ba zargi nake yi wa kowace fada ta yankinmu ba. Darasin ɗan doka ne ya hana mu sake ɗaura tsaro a ƙafar mutum guda, komai kirkinsa.

Masu cewa ƙauyawa ba za su iya bin diddigin hukuma ba, su tuna da gubar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. A 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗin tsabtace Bagega, kuɗin suka maƙale, har sai da mutanen gari da likitocin agaji da wasu matasa 'yan gwagwarmaya suka matsa lamba, aka sake su a farkon 2013. Matasan nan ba su fi mu ilimi ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Anka da Gummi da Bukkuyum suna nan a kowace jami'a, aikinsu bai wuce walimar yaye ɗalibai da rabon kalanda ba. A hutun da ke tafe, su fassara sassan Dokar 2020 da suka shafi kwamitocin al'umma zuwa Hausa, da boko da ajami. Su je caji ofis na Anka da na Gummi da na Bukkuyum, cikin ladabi, da takarda a hannu, su tambayi sunayen 'yan kwamitin da ranar zamansu na ƙarshe. Su kai wa 'yan majalisar jiha masu wakiltar ƙananan hukumomin uku daftarin wannan bukata, su karɓi sa hannun shaidar an karɓa. Amsar da aka ba su, ko shirun da aka yi musu, su kawo wa wannan mujalla a buga a fitowa ta gaba.