KADA MU SAYI BIRI A SAMA: MAGANA A KAN UWAR ALLON KWAMFUTA



Duk wanda ya kai shekarar ƙarshe a jami'a ya san irin zullumin da kan kama mutum sa'ad da malami ya ce a kawo kundin bincike a buge, ko ya ce a zana gini ko inji da kwamfuta, alhali kuwa ɗalibi bai mallaki komai ba sai wayar hannu. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin yawancinmu, musamman tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Saboda haka ne da yawa daga cikinmu suka koma ga wata dabara, watau su sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, su harhaɗa ta tebur da hannunsu. Mu muna goyon bayan wannan dabara ƙwarai da gaske. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mun lura wurin da aka fi yin asara shi ne wurin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, watau zaɓen babban allon nan da 'yan kasuwa ke kira bod, mu kuwa za mu kira shi uwar allo.

Ga misali. Wani abokin karatunmu ya tara kuɗinsa na tsawon zango biyu, ya tafi wani shago ya sayi furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin an yi masa araha. Bayan mako uku ya sami ƙarin kuɗi, ya shiga wani shagon dabam ya sayi uwar allo, ita ma don araha. Da ya koma ɗaki ya ɗora wannan a kan waccan, sai ya ga girmansu ɗaya amma ta ƙi zama. Ya danna da ƙarfi, ya lanƙwasa 'yan alluran da ke cikin gurbin. Ya mayar, mai shago ya ce kayan da aka lalata ba ya karɓa, kuma a gaskiya ba za mu ga laifinsa ba. Kuɗin zango biyu suka tafi a kan rashin tambaya guda ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata.

To, mene ne aikin wannan allo har muke ba shi wannan girma? Ita uwar allo ba ta lissafi, ba ta ajiye rubutu, ba ta nuna hoto da kanta. Aikinta shi ne haɗa sauran kayan su yi magana da juna, ta kuma raba musu wuta. Amma ita ke yanke hukuncin wace furosesa za ta shiga, wane irin ram za a sa, guda nawa, da wace irin ma'ajiya. In ram ya yi kaɗan, a cire a sa wani cikin minti biyu. In ma'ajiya ta cika, a ƙara wata. In kuwa uwar allo ce ta gaza, sai an kwance komai, kuma sau da yawa sai an canza furosesa da ram tare da ita. Tun 1981 da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa mai guraben da ake ƙara kaya, da kuma 1995 da Intel ya fito da tsarin ATX wanda ya daidaita girman allo da ramukan kusa da hanyar shigar wuta, talaka ya sami damar haɗa kayan kamfanoni daban-daban a akwati ɗaya. Wannan dama ita muke ci har yau a Titin Beirut da ke Fagge da shagunan Titin Faransa a Sabon Gari.

Abu na farko da ya wajaba mu sani shi ne gurbin furosesa. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma kayan ɗaya ba sa shiga gurbin ɗaya. A cikin na Intel ɗin ma akwai tarko. Gurbin LGA1155 na 2011, da LGA1150 na 2013, da LGA1151 na 2015, duk girmansu ɗaya ne a ido, bambancin yana ga 'yan tsagar da ke gefe da kuma tsarin wayoyin ciki. Wannan shi ne ramin da abokinmu ya faɗa. Kai, shi LGA1151 ɗin kansa iri biyu ne: allon da ke ɗauke da H110 na furosesa zuriya ta 6 da ta 7 ne, mai H310 ko B360 kuwa na zuriya ta 8 da ta 9, ga suna ɗaya amma ba sa musaya. Saboda haka kada ɗalibi ya sayi furosesa yau ya ce gobe zai nemo mata allo. Ko dai a saye su tare, a kunna su a gaban mai shago, ko kuwa a rubuta lambar kowanne a takarda a duba jerin da kamfanin allon ya wallafa.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi tayar mana da hankali. Allunan da suka fi araha a kasuwar na hannu su ne masu H61 da H81, waɗanda suka yi zamani shekara goma da wani abu da suka wuce. Mai shago zai ce maka suna aiki, kuma gaskiya ya faɗa, suna aiki. Abin da ba lalle ya faɗa maka ba shi ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ɗan wa'adin shekara guda ga waɗanda suka yi rajistar neman ƙari. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, sharaɗinta shi ne furosesar Intel daga zuriya ta 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000 zuwa sama, tare da abin tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya sayi H61 a yau ya sayi gidan da mai gininsa ya riga ya ce ba zai ƙara toshe masa ɓaraka ba. Akwai masu dabarar cusa Windows 11 a kan tsohon allo, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko musu gyara ba. Araha ba ta ado.

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce. Za su ce, ai ku masu rubutu kun manta da aljihu, da babu gara ba daɗi. Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Wanda buƙatarsa ita ce buga kundi da karanta littattafai kurum, tsohon allo zai ishe shi, muddin ya sa masa ma'ajiyar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, ya kuma yarda ya koyi Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana ci gaba da aiko musu gyara. Abin da muke ƙi shi ne a sayar wa ɗalibi tsohon kaya da farashin mai sauran rai, shi kuwa ya tafi yana murna bai san abin da ya riƙo ba. In za ka sayi tsohon doki, ka saye shi da sanin shekarunsa, ka biya kuɗin tsohon doki.

Ga wanda karatunsa ke neman zane ko lissafi mai nauyi, ko wanda ke son kwamfutar ta raka shi har bayan bautar ƙasa, ra'ayinmu shi ne ya nemi gurbin AM4 na kamfanin AMD. Wannan gurbi ya fito a 2016, aka yi shekaru ana ƙera masa sababbin furosesa, daga Ryzen na farko a 2017 har zuwa jerin 5000. Ke nan ɗalibi na iya farawa da ƙaramar furosesa ta hannu a kan allo mai B450, wanda ya fito a 2018, ko B550 na 2020, in Allah Ya buɗa masa ya ɗaga zuwa babba ba tare da ya jefar da allon ko ram ɗinsa ba. Sai dai a lura, tsohon B450 ba zai gane furosesar jerin 5000 ba sai an sabunta masa BIOS, don haka a yi wannan a shago kafin a tafi. A ɓangaren Intel kuwa, allo mai H610 na gurbin LGA1700 yana karɓar zuriya ta 12 zuwa ta 14, kuma akwai mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, sai a duba da kyau, gama waɗannan ba sa shiga gurbin juna, kamar yadda DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4. Shi AM5 na 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma tun da farashin ram ya hau a ƙarshen 2025, wannan hanya ta yi wa ɗalibi tsada.

Wani wurin da ake tsimin kuɗi mai yawa shi ne katin hoto. Ramukan HDMI da VGA da ke bayan allo ba sa fitar da komai sai in furosesar kanta tana da sashen hoto a ciki. A na AM4, a nemi wadda lambarta ta ƙare da harafin G, kamar 3200G ko 5600G. A na Intel, wadda ta ƙare da F ba ta da shi. Wanda bai san wannan ba zai haɗa komai, ya kunna, fanka ta yi ta juyawa, allon kallo ya zauna baƙi ƙirin, ya ɗauka an cuce shi. Bayan wannan, a zaɓi allo mai guraben ram huɗu in da hali, da gurbin M.2 na sabuwar ma'ajiya. Girman microATX, mai santimita 24.4 kowace kusurwa, ya ishi kowane ɗalibi, kuma yakan fi babban sauƙin kuɗi. Fitilu masu launi da ƙarafan ado kuwa, waɗannan kwalliya ce ta masu hali, ba sa ƙara wa kundinka ko layi ɗaya.

Sa'an nan mu yi hattara da allunan da aka ciro daga kwamfutocin ofis na ƙasashen Turai, irin na Dell da HP. Kayan suna da ƙarko, kuma sayen irin wannan kwamfuta ɗungurungum ba laifi ba ne. Amma da yawa daga cikin allunansu ba su bi tsarin ATX ba. Maimakon mahaɗin wuta mai baki 24 da kowa ya sani, sai ka tarar da nasu na musamman, ramukan kusa ma ba sa dacewa da akwatin kasuwa. Wanda ya sayi allon shi kaɗai ya ɗaure kansa.

Kada kuma mu manta da inda muke zaune. Waɗanda suka ƙera kayan nan ba su san ƙurar hunturun Kano ba, ba su san zafin watan Afrilu ba, sa'ad da ma'aunin zafi kan haura 40, ba su kuma san wutar da kan ɗauke ta dawo da ƙarfi ba, ko ta janareta mai hawa da sauka. Yawancin allunan da muka ga sun mutu a ɗakunan ɗalibai, ba tsufa ya kashe su ba, akwatin wuta mai araha ne ya ƙone ya tafi da su. Saboda haka kuɗin da aka rage daga kwalliya a zuba shi a kan akwatin wuta na kirki da sitabilaiza. Kafin a biya kuɗin allo na hannu, a haska gurbin da fitilar waya a ga ko akwai allurar da ta kwanta, a duba 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta ko wani ya kumbura, a shinshina ko akwai ƙauri, a gwada kowane gurbin ram ɗaya bayan ɗaya, a kuma bar ta a kunne na ɗan lokaci. Gani ya kori ji. In agogonta na mantuwa kurum, wannan ba ciwo ba ne, batirin CR2032 ne ya mutu.

Akwai wata magana da ta fi aljihun ɗalibi girma. A 1988 aka jibge guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu ke Jihar Delta, kuma irin wannan ta'asa ce ta haifar da yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 kan hana mayar da ƙasashe matalauta juji. Yau gubar ba a ganga kaɗai take zuwa ba, tana zuwa a kwantena da sunan kayan hannu, mai rai a gauraye da matacce. Duk sa'ad da muka sayi allon da bai da sauran kwana, mun biya kuɗin jigilar sharar wasu, bayan 'yan watanni kuma yaran unguwa su ƙone ta don neman jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin. Mai saye da ya san kaya shi ke tilasta wa mai shigo da kaya ya zaɓo na kirki.

Don haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ware ɗaki guda da ranar Asabar guda a wata, inda 'yan uwanmu na sashen injiniyan lantarki da na kimiyyar kwamfuta za su duba jerin kayan da ɗalibi ke shirin saye kafin ya hau mota zuwa kasuwa, su kuma koya masa haɗawa. Masu buƙata iri ɗaya su haɗa kuɗi su tafi tare, gama farashin mutum goma ba ɗaya yake da na mutum ɗaya ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwar Fagge da Sabon Gari kuwa, roƙonmu kaɗan ne: ku rubuta lambar allo a rasit, ku ba da kwanakin gwaji a rubuce, ku kuma faɗa wa yaro gaskiyar shekarun abin da yake saye. Fagge zangon fatake ne tun zamanin ayarin raƙuma, kuma abin da ya riƙe kasuwancin Kano duk tsawon wannan lokaci shi ne amana. Ɗalibin da kuka gaya wa gaskiya yau, shi ne zai dawo gobe da odar ofis guda.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a ɗan abin da iyaye ke aiko mana, amin. Wassalam.