Ba a Sanin Maci Tuwo Sai Miya Ta Ƙare



Ɗan ƙanwata, yaro mai shekara 13 a Maamobi, yana da littafin da yake ba 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafar da yake so maki bayan kowane wasa. Wasa uku kacal aka buga da buɗe kaka, amma ya riga ya yanke hukunci. Mai tsaron gida ya sami yabo. Game da ɗan wasan gaba kuwa, cewa ya yi: "Kawu, a sallame shi kawai, bai ci ko ɗaya ba."

Sai na tuna masa labarin Muhammad Kudus, haifaffen Nima. A shekarar 2020 ya koma ƙungiyar Ajax ta ƙasar Holan. A watan Oktoba, a wasansa na farko na gasar Zakarun Turai, da Liverpool, ya ji rauni a gwiwa tun cikin mintunan farko, ya yi watanni yana jinya. Da an auna shi a ranar, da an yi kuskure. A Satumban 2022 ya ci ƙwallo a ragar Liverpool ɗin a gidanta, a Nuwamba kuma ya ci wa Gana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a Katar.

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya goge makin. Mu ma iyaye mu dinga tuna wannan idan sakamakon zangon farko na 'ya'yanmu ya zo daga makaranta.