Salkar Zamani: Tsokaci a Kan Guzurin Data ga Maniyyaci

A zamanin da, in mutum ya ɗaura niyyar tafiya mai nisa, ko dai fatauci zuwa Gwanja ko kuwa Gabas don sauke farali, abin da yakan fara zaunawa ya lissafa shi ne guzuri. Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Maiduguri da Injamena da Alfashir har bakin Bahar Maliya, sun san yawan garin da zai kai su zango na gaba, sun kuma san kwana nawa ruwan salka guda zai yi wa mutum da dabbarsa. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya duba salkuna, domin salkar da ke yoyo ta fi ɗan fashi haɗari a tsakiyar dawa. Yau jirgin sama ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i kaɗan, ruwa kuwa ga shi nan a robobi ko'ina aka juya. Amma fa an sami wata sabuwar salka wadda matafiyi ke rataye da ita bai san girmanta ba, bai san kuma inda take ɗiga ba. Wannan salka ita ce datar da ke cikin wayarsa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ya kamata maniyyaci ya lissafa data kamar yadda yake lissafa riyal da magani da yajin da zai tafi da shi, kuma lissafin abu ne mai yiwuwa ga kowa, ko da bai taɓa shiga aji ba, muddin an yi masa bayani da harshensa. Na ɗauki aikin hajji a matsayin misali ne saboda ita ce tafiyar waje da mafi yawan mutanenmu ke yi. Kujerun da aka ba Nijeriya a 2023 da 2024 sun kai 95,000 a kowace shekara, kuma da yawa daga cikin masu tafiyar nan ba su taɓa ƙetare iyaka ba sai a wannan karo.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ya faru ne da wata gwaggona. Ɗanta ya saya mata layi da data a Madina, ya ɗauka abin zai kai ta har gida, sa'an nan ya koma cikin ayarin maza. Ita kuwa tana cikin zaurukan WhatsApp har guda bakwai, na dangi da na islamiyya da na adashi, kowanne kuma ba ya rabo da bidiyo, wayar tana kwasowa da kanta ba tare da ta sani ba. Ranar jifa ta biyu cunkoso ya raba ta da abokan tafiyarta. Ta ciro waya don ta nuna musu inda take, sai ta tarar babu ko ɗigo. Tantunan Mina kuwa sun haura 100,000, dukkansu farare, kamar an haife su rana ɗaya. Ta yi ta bulayi tun azahar har bayan magariba, sai da Allah ya haɗa ta da wani Bahaushen Kumasi wanda ya ji tana salati da Hausa, ya ara mata wayarsa. Da ta dawo gida takan ba da labarin tana dariya. Mu da muka ji ba mu yi dariya ba, don mun san cewa a hajjin 2024 zafi a Makka ya haura maki 51, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar rasuwar mutane fiye da 1,300. Mafi yawansu marasa izinin hajji ne, gaskiya ne, amma rana ba ta tambayar tsohuwar da ta ɓata ko tana da izini. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, mai karatu, ina kuskuren yake? Kuskuren farko yana cikin tambayar da muke yi. Maniyyaci yakan je wurin wanda ya tafi bara ya ce, "Alhaji, giga nawa ka saya?" Wannan daidai yake da ka tambayi maƙwabcinka mudu nawa gidansa ke ci a wata, sa'an nan ka auno wa naka gidan haka, ba ka duba yawan bakunan da kake ciyarwa ba. Amsar tana cikin aljihun mai tambayar. Kowace wayar zamani tana da wurin da take rubuta yawan datar da aka sha, tana kuma nuna wace manhaja ce ta sha nawa. Mutum ya duba wannan wuri tun yana gida, ya bar mako guda ya wuce, ya sake dubawa, ya raba abin da ya gani gida bakwai. Abin da ya fito shi ne cinsa na yini. Wanda bai iya ba, jikansa zai yi masa cikin minti biyu.

Bayan haka sai a san mudun awon. Gigabait guda, wanda muke kira giga, kimanin megabait 1,000 ne. Rubutaccen saƙo bai kai a yi maganarsa ba, ko ɗari ka aika a yini ba za ka ga gurbinsu ba. Kiran murya ta intanet ba ya wuce megabait 1 a minti. Kiran bidiyo kuwa yakan ci kamar megabait 5 a minti, wani lokaci ya fi haka in sabis yana da ƙarfi, domin manhajar takan ƙara wa hoton kyau da zarar ta ga hanya a buɗe. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait 3 ko 4, amma in an tura shi ta WhatsApp akan matse shi ya koma ƙasa da 1. Taswira, wadda mutane ke tsoro, ba maciya ba ce, ana ma iya sauke taswirar Makka da ta Madina a ajiye cikin waya tun daga Kano ko Sakkwato, a riƙa dubawa ba tare da intanet ba. Babban maciyi shi ne kallo. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon sa'a guda na iya cin giga 1 a matsakaicin hoto, ko giga 3 in hoton mai kyau ne sosai, kuma YouTube da Facebook da TikTok duk 'yan ɗaki ɗaya ne da shi ta wannan fuska.

Bari mu ɗauki alhajin da zai yi kwana 35 a ƙasa mai tsarki, mu yi masa lissafin yini ɗaya. Saƙonni na rubutu da na murya, mu ba su megabait 30. Kiran murya na minti 20, megabait 20. Kiran bidiyo na minti 10 don iyali su ga fuskarsa, megabait 50. Hotuna goma, megabait 10. Taswira da manhajar Nusuk, wadda ta cikinta ake neman izinin ziyarar Rauda, megabait 20. A ƙara wasu 20 na abin da wayar ke sha don kanta. Jimla megabait 150 ke nan. A kwana 35 sun zama 5,250, wato giga 5 da 'yan kai. In aka ɗora kashi ɗaya bisa uku saboda tsaro, giga 7 ta ishe shi ya je ya dawo. Amma a ce wannan alhaji ya saba kallon bidiyo na sa'a guda kowane dare kafin barci ya ɗauke shi. Wannan sa'a kaɗai za ta iya cin abin da ya doshi giga 1, ka ga a kwana 35 ana maganar giga 25 zuwa 35. Wato dukan abin da yake lalura bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na abin da sha'awa ke ci ba. Wannan shi ne abin da masu sayar da layi a bakin otal ba za su tsaya su gaya maka ba, kuma ba laifinsu ba ne, kasuwa suka fito.

A nan ina so in ɗan karkata ga mu da muke zama a gida, domin rabin datar alhaji mu muke shanye ta. Kowane ɗa da kowace 'ya da kowane suruki yana son a kira shi da bidiyo, shi kaɗai, a nuna masa Ka'aba. Wanda aka tsallake sai ya yi fushi, a ce Hajiya ta nuna bambanci. Ga kuma masu aika mata bidiyon sunan da aka yi a bayanta, na minti goma sha biyar, har da rabon tuwo. Da iyali za su taru a gida ɗaya bayan isha'i a yi kira ɗaya, da an huta, ita ma ta sami sararin abin da ya kai ta.

Sai maganar yoyo. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sha'anin waya mai ɗakin ne ƙarshen sani. Wurare uku ne salkar ta fi ɗiga. Akwai kwaso hotuna da bidiyo da WhatsApp ke yi da kansa, irin wanda ya ci gwaggona. Akwai sabunta manhajoji, wanda guda ɗaya kan iya lashe megabait 100 ko fiye cikin dare. Akwai kuma ajiyar hotuna, inda waya ke ɗora duk abin da aka ɗauka zuwa rumbun Google ko na Apple, kuma da cikakken nauyinsa take ɗorawa. Alhajin da ya ɗauki bidiyon ɗawafi na minti biyar, ko bai aika wa kowa ba, wayarsa na iya zubar da ɗaruruwan megabait a kansa yana barci. Dukan ukun nan ana toshe su a wurin saiti, a ce wa wayar kada ta yi sai ta sami waifai. Aikin minti biyar ne, kuma a gida ya kamata a yi shi, kafin a shiga sansanin alhazai.

Wani zai ce ai akwai waifai a masauki. Akwai, a wasu wuraren. Sai dai bene ne mai ɗauke da ɗaruruwan mutane, kowa kuma bayan isha'i yake son kira, sai abin ya koma kamar famfon unguwa da rani. Daɗin daɗawa, waifai ba ya bin mutum zuwa Harami, balle Mina da Arfa da Muzdalifa. Kwanakin nan, daga 8 zuwa 12 ko 13 ga Zulhajji, su ne lokacin da mutum ya fi bukatar a same shi, su ne kuma suke zuwa bayan ya riga ya yi makonni yana shan guzurinsa. A 2024 mutane fiye da miliyan 1.8 ne suka taru a waɗannan wurare. Saboda haka shawarata ita ce, ran 7 ga wata kowa ya duba abin da ya rage masa, in bai kai giga 2 ba ya ƙara, ya kuma sa kuɗin kira na yau da kullum a layin, domin a cikin irin wannan taro intanet kan cije alhali kiran layi yana shiga. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Game da layin da za a yi amfani da shi, hanya uku ce. Mutum na iya tafiya da layinsa na gida, abin da 'yan sadarwa ke kira romin, wanda galibi shi ya fi tsada in ba an sayi ƙunshi na musamman ba. Yana iya sayen layin can, na STC ko Mobily ko Zain, da fasfo da dangwalen yatsa. Ko kuwa ya sayi layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba, sai dai ba kowace waya ke karɓarsa ba. Ni dai na fi karkata ga layin can, tare da barin na gida a cikin waya don saƙon banki, amma a kashe masa data. Abin lura guda shi ne wa'adi: ƙunshin data yakan mutu bayan mako biyu ko wata guda, ko da ba a shanye shi ba. Wanda ya sayi na wata guda ran da ya sauka, kuma zai yi kwana 35, ya san akwai kwana biyar da ba shi da komai, sau da yawa kuma su ne kwanakin jiran jirgi, lokacin da iyali suka fi matsuwa da jin labari. (Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin romin tsakanin ƙasashenta tun watan Yuni na 2017. ECOWAS ma ta amince da irin wannan tsari a shekarar, amma sai a 2023 Ghana da Kwaddebuwa suka fara aiki da shi a tsakaninsu. Wannan wani zance ne na daban, na masu fatauci.)

Na san akwai masu ganin cewa duk wannan lissafi ɓata lokaci ne. Kashi na farko suna cewa ibada aka je yi, me ya kawo waya? Ina girmama wannan magana, kuma lissafin da na yi a sama ma goyon bayanta yake, tun da ya nuna cewa kallo ne ke cin dukiya. Amma hukumomin can sun riga sun ɗora wasu al'amura a kan waya, kuma tsohuwar da ta ɓace a Mina ba ta cikin natsuwar ibada. Kashi na biyu kuwa cewa suke a sayi mafi girman ƙunshi a huta. Wannan maganar mai hali ce. Kuɗin guzurin da aka ba alhajin Nijeriya a 2025 dala 500 ne, a ciki zai yi 'yan bukatunsa na makonni biyar, ya kuma sayo tsarabar da in bai kawo ba ba zai sha ruwa a gida ba. Manomin da ya sayar da shanu ya biya kujera bai kamata ya zuba kuɗi a giga 50 alhali 7 yake bukata ba.

Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jihohi suna shirya bita kowace shekara, ana koyar da ɗaura harami da ɗawafi da sa'ayi, ana kuma gargaɗi a kan goro da kayan da aka hana shiga da su. Ina roƙon a ware rabin sa'a a cikin wannan bita, a sa kowane maniyyaci ya ciro wayarsa, a toshe masa wuraren yoyon nan uku, a sauke masa taswira, a koya masa yadda ake aika wa mutum alamar inda kake. Mu kuma ɗaliban wannan sashe muna da namu rabon aikin. Har yanzu ba mu daidaita a kan sunayen waɗannan abubuwa ba, mai bayani yakan fara da Hausa ya ƙare da Turanci, tsoho ya gyaɗa kai alhali bai fahimta ba. Takarda mai shafi biyu, da boko a gefe ɗaya da ajami a ɗaya gefen, ba ta fi ƙarfin ƙungiyarmu ba, in muka fara ta tun watan Rajab za ta riski bitar bayan Sallah ƙarama.