ZAUREN LAFIYA: Waswasi Ciwo Ne, Yana da Magani

Kowa ya san irin ɗan'uwan nan da kan maimaita alwala har liman ya sallame bai shiga sahu ba. Waɗansu su yi dariya, waɗansu su ce aljannu ne. To, ciwo ne, likitoci na ce da shi OCD.

Ga yadda ya ke. Shakka ta taso masa, ya sake wankewa, hankali ya kwanta kaɗan, sa'an nan shakkar ta komo da ƙarfi. Watau maimaitawar ita ke ciyar da ciwon.

A 1966 Victor Meyer ya gwada wata dabara a Landan: mai ciwon ya yi abu sau ɗaya, ya daure bai sake ba, har tsoron ya kwanta da kansa. Har yau da ita a ke aiki. Akwai kuma ƙwayoyi, kamar fluoxetine, amma su kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai.

Saboda haka ku raka shi asibitin unguwa ya ga likita. Ku bar yi masa ba'a. Allah ya ba mu lafiya, amin.