Sharhi: Takaddamar sare manyan itatuwan turare a Ostireliya

Tun ranar 1 ga Janairun 2024 jihar Biktoriya da ke kudancin Ostireliya ta daina sare itatuwa a dazuzzukanta na asali, shekara 6 kafin wa'adin 2030 da ta ɗiba wa kanta tun farko. Jihar Ostireliya ta Yamma ita ma ta bi sahu a wannan shekarar. Sai dai a tsibirin Tasmaniya har yanzu ana ci gaba da saran, kuma nan ne takaddamar ta koma.

Itacen da ake wannan ja-in-ja a kansa ɗan'uwan turaren da muka sani ne, wanda aka dasa a arewacin Kano da Jigawa domin tare iska da kwararowar hamada. Amma irin na can, da masana ke kira Eucalyptus regnans, ya fi namu girma nesa ba kusa ba. Wanda aka yi wa laƙabi da Centurion, da aka gano a Tasmaniya a 2008, tsawonsa ya kai kimanin mita 100, kwatankwacin bene mai hawa 30. Irin wannan itace yana iya rayuwa fiye da shekara 400.

Abin da ya sa 'yan kasuwa ke kwaɗayinsa a fili yake. Gangar jikinsa miƙaƙƙiya ce, tana yin nisa kafin reshe ya fito, don haka ana samun dogayen katakai marasa ƙulli. Da su ake shimfiɗa daɓen ɗaki, a yi ƙofofi da tagogi da kujeru. Sai dai kaso mai yawa na abin da ake sarewa bai kai darajar katako ba, sai a daddatsa shi ƙanana a loda a jiragen ruwa zuwa masana'antun takarda na Asiya. Wannan ne babban abin da masu adawa ke kafa hujja da shi: itacen da ya shafe ƙarnuka yana girma ya ƙare a matsayin takarda.

Masu sana'ar suna da tasu hujjar. Bayan an share fili ana ƙone shi a watsa iri, daji ya sake tsirowa, kuma ƙananan garuruwa da dama da injin yankan katako suka dogara. Matsalar ita ce lissafin lokaci. Ana komawa saran tun kafin sabon dajin ya cika shekara 100, alhali kogon da tsuntsaye da ƙananan dabbobi ke fakewa a ciki ba ya samuwa sai itacen ya haura haka. Bugu da ƙari, gobara na kashe wannan itace, kuma yana bukatar kusan shekara 20 kafin ya fara ba da iri. Idan wuta ta sake bi ta kan dajin kafin nan, shi ke nan an rasa shi. Gobarar 2009 da ta 2019 zuwa 2020 sun rage abin da za a iya sarewa a Biktoriya, ga kuma hukunce-hukuncen kotu da suka ɗaure hannun kamfanin gwamnati na VicForests, wanda daga bisani aka rufe.

Haramcin bai kashe bukatar katako ba. Wasu masana'antun Biktoriya sun koma sayo gungume daga Tasmaniya, wato nauyin ya sauka a kan wani dajin. Mafita mai ɗorewa ita ce gonakin itace da aka dasa musamman domin sara, amma su ma sai an jira shekaru da dama kafin su ba da katako mai kauri.

A nan ne lamarin ya shafe mu. Turaren da ke layukan kare hamada yana ƙarewa a kasuwar itacen girki da ta sandunan gini, kuma ba kasafai ake dasa madadinsa ba. Namu yana da wata falala, domin idan an sare shi yana sake tohowa daga kututture. Hukumomin gandun daji na jihohi za su iya ware filayen dasawa domin kasuwa, a riƙa sara bi da bi da lasisi, a bar layukan da ke kare gonaki daga rairayi yadda suke.